Shekarar da Hayaƙi Ya Ƙi Tashi

Yau kwana shida ke nan ba mu ga rana ba a Unguwar Boro. Marka ta zauna daram, ruwa ba mai ƙarfi ba, ba kuma mai ɗaukewa ba. Zannuwan da na shanya tun Litinin har sun fara warin dauɗa ba tare da an ɗaura su ba. Gas ya yi tsada, maƙwabciyata ta koma itace, ɗazu da safe ta hura jiƙaƙƙe, hayaƙin ya tsallako katanga ya same ni ina shara. Sai na tsaya cak da tsintsiya a hannu. Wannan warin ko ina barci aka kawo mini shi zan gane shi. Ya ɗauke ni ya mayar da ni unguwar Nasarawa ta nan Kaduna, shekara ashirin da wani abu baya, lokacin 'yata Godiya tana da shekara uku.

Ni 'yar kan dutse ce. Ƙauyenmu can kudancin Kaduna a bisa tudu yake, inda iska ba ta hutawa ko na minti ɗaya. Hayaƙi a wurinmu in ya fita daga murhu sama yake yi, ko iska ta kwashe shi ta kai daji. Shi ya sa tsofaffinmu suka ɗauka cewa in hayaƙi ya bar gidan mai shi ya riƙa neman ƙofarka kullum, to aiko shi aka yi. Kakata in ta ga haka takan ɗebi toka ta zuba a bakin ƙofa tana gunaguni. Na yi baftisma, na shiga zumuntar mata, ina rera waƙa da ƙarfi fiye da kowa a coci, amma wannan abin yana nan kwance a ƙasan zuciyata, ban ma san yana nan ba.

Mijina Bitrus yana aiki a wata masaƙa a Kakuri. Ɗaki ɗaya muka kama a gidan haya, can ƙasan Nasarawa inda unguwar ke gangarawa wajen rafi. In ka sauka daga mota a bakin titi sai ka yi ta gangara, ka yi ta gangara, har gwiwarka ta fara ƙorafi, sannan ka iso gidanmu. Ɗakuna takwas ne suna kallon juna, namu ne na ƙarshe, shi ne kuma mafi ƙasa. Da bazara ba mu ga wani aibu ba sai zafi. Da ruwan farko ya zo da guguwarsa ma daɗi muka ji, don iska takan share tsakar gidan tas.

A shekarar aka rage wa su Bitrus kwanakin aiki, kananzir kuma ya ɓace kamar an yi masa kiranye. Risho ya koma ƙarƙashin gado. Duk unguwar, daga sama har ƙasa, aka koma dusar katako. Ran Talata da Asabar mu matan gidan mukan haɗu mu tafi wurin masu yankan katako da buhunanmu, mu cika, mu ɗauko a ka, ruwa na dukanmu. In mun dawo sai a zauna aikin murhu. Ka samu babban gwangwani mai huda a gefe, ka tsayar da kwalba a tsakiya, ka zuba dusa kana dannawa da taɓarya har ta yi tauri, sannan ka zare kwalbar a hankali ta bar rami. A ramin ake kunna wuta. In dusar busasshiya ce, murhu ɗaya zai dafa maka na safe da na rana. Amma ina busasshen abu a cikin marka? Sai mu yi ta cusa leda, da guntun tsohon silifa, muna fifita da murfin tukunya, idanu na zuba. Abincin ma ba wani na kirki ba ne: faten tsaki da yakuwa da gauta, yau shi gobe shi, manja cokali ɗaya a raba wa kwana biyu. Ranar da aka samu sabuwar masara daga 'yar gonar da muka yi a bakin rafi, ranar biki ce.

A tsakiyar wannan marka Godiya ta fara tari. Da rana ƙalau take, tana tsalle a cikin taɓo ina zaginta. Amma da zakara ya yi cara sai ƙirjinta ya fara kuka kamar na 'yar mage. Ta tashi zaune, ta dafa gwiwa, kafaɗunta na sama da ƙasa, tana kallona da idon nan na "Mama yi wani abu". Sai rana ta ɗan ɗaga, ko da ba a ganinta, sannan abin ya sake ta. Na sayo maganin tari a kemis, na dafa citta da lemun tsami, na shafa mata man zafi. Babu abin da ya canza. Kuma abin da ya fi damuna, duk safiyar da ta yi wannan fama, in na buɗe ƙofa sai in tarar da hayaƙi tsaye a bakin ɗakina, shiru, ba ya motsi.

Wa ke fara hura wuta a gidan? Mama Saratu.

Mama Saratu gwauruwa ce daga Filato, ɗakinta na kallon nawa. Mijinta ya yi aikin kuza har ya mutu, ita kuma tana dama kunu tana kaiwa bakin masaƙa kafin ma'aikata su shiga. Doguwa ce, baƙa, ba ta da yawan magana. In kin gaishe ta ta amsa, shi ke nan. Ba ta zaman tsakar gida, ba ta tambayar wa ya yi ciki wa ya yi faɗa. A gidan haya kuwa mace mara surutu ta riga ta yi laifi ɗaya.

Na fara sa mata ido. Abin da na gani bai kwantar mini da hankali ba ko kaɗan. Duk gidan muna tari, har Bitrus da ke fita tun da sassafe, amma ita ko gyaran murya ban taɓa ji ta yi ba. Kullum kafin ta hura wuta sai ta tsoma tsofaffin buhunan algarara a bokiti, ta matse, ta rataya ɗaya a ƙofarta ɗaya a taga. Ruwa ake yi dare da rana, komai a jiƙe, mutum kuma ya ƙara jiƙa buhu ya rufe kansa a ciki? Sannan takan tsaya a tsakar gida ta ɗaga kai ta dubi sama, ta dubi hayaƙin murhunta, ta ce a hankali, "Yau ma zai kwanta." Na ji ta da kunnena ba sau ɗaya ba.

Na kai wa Ladi maganar. Ladi ita ce ƙawata a gidan, ɗakinta na kusa da ƙofar shigowa, kuma duk abin da ya shiga kunnenta da safe ya gama zaga unguwa kafin azahar.

"Ke ma kin lura?" in ji ta, ta jawo kujera. "Ni fa tuni nake kallonta. Mace ba ɗa ba jika, miji ya mutu, ba wanda ya san ciwon da ya kashe shi. Buhun nan kariya ce. Ta san abin da take sakewa, shi ya sa take toshe nata ɗakin."

"Ladi, ki ji tsoron Allah. Tare muke zuwa coci da ita."

"To sai me? Ba a bencin baya take zama ita kaɗai ba? Kin taɓa ganin ta rufe ido in ana addu'a?"

Ban taɓa dubawa ba. Lahadin da ta biyo na duba. Idonta a buɗe yake. Ni ma dai nawa a buɗe yake, tunda kallonta nake yi, amma a lokacin wannan bai zo mini a rai ba.

Wata safiya ina zaune a bakin ƙofa da Godiya a cinya, ta gama fama ta yi laushi, sai Mama Saratu ta ajiye bokitin kununta ta tsaya a kanmu.

"Maman Godiya, hayaƙi ne ke cin yarinyar nan. In an yi sanyi da marka, ba ya tashi a wuri irin wannan. Gangarowa yake yi ya kwanta, ɗakinki kuma shi ne ƙarshen gangare. Na zauna a barikin kuza cikin kwari shekara da shekaru, na san shi."

"Hayaƙi yana gangarowa?" na ce. "Ruwa ne shi?"

"Da safe kamar ruwa yake."

Na ce mata na gode, na ɗauki 'yata na shige ciki na sa sakata. Tunda uwata ta haife ni ban taɓa ganin hayaƙi ya bi ƙasa don kansa ba. A ganina matar nan ta faɗa mini da bakinta cewa ta san hanyar da yake bi, ta kuma san inda yake tsayawa. Daga ranar na hana Godiya karɓar kunun da take ɗan zuba mata a kofi. Na daina ɗibar garwashi a murhunta. Da na faɗa wa Bitrus sai ya ce, "Ke dai da Ladi, in kun rasa abin dafawa sai ku dafa mutum." Na yi kwana biyu ban yi masa magana ba.

Ranar da abin ya fashe, Alhamis ce. Gari ya fara wayewa, ƙirjin Godiya ya fara kukansa, na yi sauri in buɗe ƙofa ko iska za ta shigo. Ina buɗewa wani abu mai sanyi, jiƙaƙƙe, ya mare ni a fuska. Buhu. An kafa ƙusa biyu a saman ƙofata an rataya shi, yana ɗiga.

Ihun da na yi, ina jin har bakin titi an ji. "Yesu na! Jama'a ku fito! An zo har ƙofata!" Gidan ya fito kaf, wasu da zani a ƙirji, wasu da asuwaki a baki. Ladi ta riga kowa, tana tafa hannu tana cewa ai ta faɗa. Mama Saratu tana durƙushe gaban murhunta, ta miƙe a hankali ta goge hannu a zani.

"Ni na rataya," in ji ta. "Tun jiya nake jin numfashin yarinyar har ɗakina. Buhun yana tare hayaƙi, ba duka ba, amma yana ragewa."

"Wa ya aike ki? Na roƙe ki? Me kika sa a ruwan?"

"Ruwan rijiya ne, Maman Godiya."

"Ƙarya kike yi! Kin cinye mijinki, yanzu 'yata kike so!"

Na faɗi wannan. Da bakin nan nawa na faɗa, a gaban mutum fiye da ashirin. Ta dube ni na ɗan lokaci, sannan ta koma ta ci gaba da dama kununta. Wannan shirun ma muka ƙirga shi cikin shaida. Na sa sanda na ciro buhun, ni da Ladi muka kai shi bayan gida muka zuba masa ragowar kananzir ɗin da nake ɓoyewa don fitila, muka ƙona muna addu'a. Jiƙaƙƙen buhu kuwa in ya kama, hayaƙinsa ba wasa ba ne. Ya bi bango ya shige ɗakina, muka ce abin ne yake fita.

Cikin mako guda labari ya kai bakin masaƙa. Kunun Mama Saratu ya fara dawowa gida rabin bokiti, sannan cikakken bokiti. Yara suka daina wucewa ta gaban ɗakinta. Mai gidan, wani dattijo da ba ya son rigima, ya zo ya ce shi dai ba ya cewa ta yi ko ba ta yi ba, amma a zauna lafiya ya fi, ta nemi wani wuri. Ta tafi ran Asabar cikin yayyafi, da kayanta a baro ɗaya. Tukunyar kunu a sama, katifa a naɗe da leda. Kafin ta fita ta sa bakin wuƙa ta cire ƙusoshin ƙofarta ta zuba a aljihu. Babu wanda ya kama mata ko tsintsiya. Ni ina leƙe ta taga, kuma gaskiya daɗi na ji.

Abin da ya ƙara ɗaure ni shi ne, washegari gari ya buɗe. Iska ta taso daga wajen kogi, rana ta fito, muka baza dusar katako ta bushe. Kwana uku Godiya ba ta yi tari ba ko sau ɗaya. Ladi ta riƙa bin ɗaki ɗaki tana cewa, "Kun gani ko?" Ni kuwa har na tashi a taron mata na ba da shaida cewa Ubangiji ya raba ni da maƙiyi. Aka ce amin da ƙarfi.

A rana ta huɗu marka ta dawo. Iska ta tsaya cik, sanyi ya sauko, raɓa ta kwanta a kan komai. Da asuba Godiya ta tashi da abin da ya fi na kullum. Wannan karon ko kukan magen ma babu, sai buɗe baki take tana jan abin da ba ya shiga. Leɓenta ya canza launi. Bitrus yana wurin aiki. Na buɗe ƙofa, ga hayaƙi nan tsaye kamar yadda ya saba, ɗakin Mama Saratu kuma a rufe da kwaɗo, murhunta babu ko toka.

Na goya ta na fita da gudu, ko takalmi ban tsaya nema ba. Akwai wani ƙaramin asibiti sama da titi. Na kama hawan nan, taɓo na zame mini, ina kiran sunan Yesu ina kiran sunanta. Wajen rabin hanya na ji ta yi tari mai ƙarfi a bayana, sannan ta ja numfashi, na ji ƙirjinta ya buɗe a jikin bayana. Ta sake ja. Da na kai kusa da titi sai ta ce, "Mama, sanyi." Na zauna a kan wani kwalbati, na juya na dubi inda na fito.

Ban ga gidanmu ba. Ban ga ko rufin kwanonsa ba. Duk ƙasan unguwar a rufe yake da wani abu fari-fari mai shuɗi, shimfiɗe, samansa a daidaice, sai kan bishiyar mangwaro da ke leƙowa. Kuma ga gidajen da ke gefena a kan gangaren, kowanne an hura murhu. Hayaƙin yakan ɗan tashi kamar tsayin mutum, sai ya lanƙwasa, ya bi lungu, ya bi kwata, ya haɗu da na maƙwabta, su gangara tare a hankali. Na gan shi da idona yana wuce ƙafata. Murhun unguwa guda ne ke sauka a ƙofata kowace safiya, har da nawa da nake cusa wa silifa.

Da muka isa asibitin, nas ta ba Godiya magani, ta tambaye ni inda muke zama. Da na faɗa mata sai ta girgiza kai. Ta ce iska mai sanyi nauyi gare ta, takan gangara kwari ta ja hayaƙi ta danne shi, sai rana ta ɗuma ƙasa yake samun hanya. Ta ce duk marka sai an kawo mata yaran ƙasan nan. "Magani zai taimaka, amma ki fitar da ita daga ramin nan, ko da kwana kawai ne, har ruwa ya ja baya. In ta sake yin irin na yau, ban yi miki alkawari ba."

Ina za mu? Ba mu da halin kama wani ɗaki. Ƙauye nisa, ga hanya ta yanke. 'Yan'uwanmu na Kaduna duk a ƙasan nan suke tare da mu. Da Bitrus ya dawo na faɗa masa komai, sai ya ce, "Mutum ɗaya muka sani a kan tudu, Mama Saratu. Na gan ta shekaranjiya a Barnawa, a ɗakin baya na wani gida inda 'yar ƙanwarta ke aiki." Bai ƙara komai ba. Da ya zage ni ma da ya fi mini sauƙi.

Da yamma na goya Godiya na tafi. Sau biyu ina kaiwa bakin layin ina juyawa. Na same ta zaune a kan turmi tana tsince gero, iska na kaɗa labulen ɗakinta. Na durƙusa a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa, na fara magana, maganar ta ƙi haɗuwa. Na ce na gani da idona, na ce na yi mata ƙarya, na ce ta yafe mini don Allah. Kunya ta kama ni.

Ba ta dube ni ba. Godiya take kallo.

"Ta sake yi?"

"Yau da asuba, Mama. Saura kaɗan."

"Sauke ta."

Na kwance goyo. Ta jawo yarinyar ta kara kunne a ƙirjinta, ta daɗe tana saurare. Sannan ta miƙe da ita a kafaɗa.

"Ki riƙa kawo ta kafin duhu, ki zo ki ɗauka in rana ta ɗaga. Ki haɗo da rigar sanyinta."

"Na gode, Mama. Allah ya saka. Zan je gidan in faɗa wa kowa, zan tashi a coci in..."

"Mijina tari ne ya kashe shi," in ji ta. "Shekara huɗu ina jiƙa masa buhu."

Na miƙe zan bi ta ciki in shimfiɗa wa Godiya zaninta. Ta tsaya a bakin ƙofa ta tare da hannu ɗaya.

"Yarinyar na ce. Ke ki tsaya nan."

Mako biyar Godiya tana kwana a ɗakin nan, ba ta yi tari ba ko sau ɗaya. Na je na faɗi gaskiya a gidan haya, na tashi a taron mata na janye shaidata, wasu suka yarda, wasu suka ce ai ta shanye ni ne. Kasuwar kununta ba ta dawo ba. Kowace safiya nakan tarar ta yi wa Godiya wanka ta ba ta abin kari, ta miƙo mini ita ta saman dokin ƙofa, ta amsa gaisuwata da kalma ɗaya. Da kaka ta yi, ta tattara ta koma Filato. Har ta tafi ban san kalar bangon ɗakin da ya raya mini 'ya ba.